Tom Crean: me ya sa ba a jin sunansa kamar na Scott da Shackleton?

Wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma yake koyar da labarin ƙasa a sakandare, ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Malam, na ga wani tsohon hoto na wani Bature da lofe a baki, ya rungumi 'yan kwikwiyo huɗu a kan ƙanƙara. An ce sunansa Tom Crean, mutumin ƙasar Ailan, wai sau uku ya je Antatika. In da gaske ya yi abubuwan da ake faɗa, me ya sa Scott da Shackleton kaɗai muke ji? Ko dai mutanen ƙasarsa ne suke zuzuta shi?"

To, ɗana, zuzutawa akwai ta, zan kuma nuna maka inda take. Amma manyan abubuwan da ake faɗa a kansa sun faru, kuma ba daga bakinsa aka ji su ba. Waɗanda suka yi tafiya da shi ne suka rubuta, wasunsu ma a cikin tanti suka rubuta, a ranar da abin ya faru. Shi kansa bai bar littafin tafiya ko ɗaya ba, sai 'yan wasiƙu. Rabin amsar tambayarka ke nan tun daga farko.

An haife shi a 1877 kusa da ƙauyen Annascaul, a gundumar Kerry da ke kudu maso yammacin Ailan. Gidan manoma ne talakawa, 'ya'ya fiye da goma, gona 'yar mitsitsiya. Karatunsa bai yi nisa ba, wajen shekara 12 ya bar makaranta ya koma gona. A lokacin Ailan duka tana ƙarƙashin Birtaniya, kuma yaron da ba shi da gadon gona hanya biyu ce a gabansa: ya yi ƙaura zuwa Amurka ko ya shiga aikin soja. A 1893 Crean ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya yana ɗan saurayi, a matakin da babu na ƙasa da shi.

Zuwansa Antatika ma tsautsayin wani ne ya zama rabonsa. A ƙarshen 1901 jirgin Kyaftin Robert Scott mai suna Discovery ya tsaya a New Zealand kafin ya nausa kudu. Wani matuƙi ya mari na gaba da shi, ya gudu, sai gurbi ya samu. Crean yana aiki a wani jirgin yaƙi, Ringarooma, a wannan tashar, ya ce yana so, aka ɗauke shi. Jirgin Discovery ya maƙale a ƙanƙara hunturu biyu, bai fita ba sai Fabrairun 1904. Don ka gane zamanin, suna can a daskare ne sojojin wannan daular ta Birtaniya suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A wannan tafiya ta farko Crean bai yi wani abin da ya shiga jarida ba. Abin da aka lura da shi dai shi ne ja. Turawan Ingila na lokacin sun fi yarda mutum ya ɗaura ɗamara a ƙugu ya ja amalanken ƙanƙara, wato doguwar amalanke marar taya da ake loda wa abinci da tanti da kananzir, maimakon a bar wa karnuka. Crean ya yi kwana 149 yana wannan ja, kaɗan ne suka fi shi. A nan ya san Ernest Shackleton da Frank Wild da William Lashly, mutanen da zai sake haɗuwa da su a wuraren da suka fi wannan muni. Scott ya riƙe shi tun daga nan, duk jirgin da aka mayar da shi sai ya nemi a turo masa Crean.

Tafiya ta biyu, ta jirgin Terra Nova daga 1910 zuwa 1913, ita ce inda mutumin ya fito fili. Kafin in shiga mai nauyin, ga wani abu da Scott ya rubuta wanda yake nuna halinsa: Crean ya ɓoye zomanya a jirgi, ranar Kirsimeti ta haifi 'ya'ya 17, shi kuwa har ya yi wa mutane alkawarin 22. Mutum ne mai son dabba, mai raha, ga ƙira, ga faɗin kafaɗa.

A Maris na 1911, shi da Henry Bowers da Apsley Cherry-Garrard suka kafa tanti a kan ƙanƙarar teku tare da ƙananan dawaki huɗu. Cikin dare ƙanƙarar ta farfashe. Suka farka suka ga suna yawo a kan wani ɓalli, doki ɗaya ya riga ya tafi, manyan kifayen nan masu farautar dabba suna leƙo kai ta tsakanin ɓallukan. Crean ne ya riƙa tsalle daga wannan ɓalli zuwa wancan har ya kai gindin katangar ƙanƙara, ya hau, ya je ya kira Scott. Mutanen sun tsira, dawakin kuwa ɗaya kaɗai aka fitar.

Babbar tafiyar zuwa ƙuryar kudancin duniya ta fara a Nuwamban 1911. Tsarin Scott shi ne a tashi da mutane da yawa, ana tafiya ana sallamar wasu su koma bayan sun ajiye abinci a hanya. Crean yana cikin takwas na ƙarshe. Ranar 4 ga Janairun 1912, saura kamar kilomita 270 a isa, Scott ya sallami mutum uku: Laftanar Edward Evans, da Lashly, da Crean. Ƙato kamar Crean, an rubuta cewa kuka ya yi. Wata biyu yana ja, ga wurin nan a gabansa, aka ce masa ya juya. Wani abin kuma, Scott ya ɗauke Bowers daga cikinsu ya ƙara a nasa rukunin, ya zama su biyar suka wuce, aka bar mutum uku da amalanken da aka shirya don mutum huɗu, ga tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a gabansu.

A hanya suka ɓace a saman ƙanƙarar Beardmore. Da suka ga zagayawa zai ci musu kwanakin da ba su da abincinsu, sai suka hau amalanken su uku suka sake shi ya gangara da su wani gangare mai cike da ramuka. Allah ya yi da sauran kwana. Sai kuma Evans ya kamu da cutar nan ta matuƙan da, wadda rashin bitamin C ke kawowa. Ka san alamunta: dasashi ya kumbura ya yi baƙi, haƙora su yi girgiɗi, gaɓoɓi su sage, tsofaffin miki su buɗe. A lokacin ba a gano bitamin C ba tukuna, an dai san cewa ɗanyen abu ko sabon nama yana maganinta, su kuwa wata uku suna cin biskit da busasshen nama da kitse. Da Evans ya kasa tsayuwa, ya umarce su su bar shi su tsira da ransu. Suka ƙi. Shi da kansa ya riƙa faɗa daga baya, har bayan ya zama babban hafsa, cewa wannan ne kaɗai umarninsa da aka taɓa ƙin bi. Suka ɗora shi a kan amalanke suka ci gaba da ja, kwana da kwanaki, har ranar 18 ga Fabrairu ƙarfinsu ya ƙare, abinci ma saura kaɗan. Tsakaninsu da bukkar Hut Point kilomita 56 ne.

A nan nake so ka tsaya ka duba da kyau, domin wannan ce ranar da ta sa ake tunawa da shi. Suka yanke shawara Lashly ya zauna ya yi jinyar Evans, Crean ya tafi neman agaji. Ba tanti, ba jakar barci, domin ɗaya ne tantin kuma marar lafiya na ciki. Ma'anar haka a fili take: in guguwa ta taso, ko ya karye, ko barci ya ɗauke shi a zaune, shi ke nan, kuma mutuwarsa mutuwar mutum uku ce. Guzurinsa biskit uku da ɗan cakulan. Ya tashi da hantsi. Bayan ya ci kusan rabin hanya ya zauna 'yan mintuna, ya ci biskit biyu da cakulan ɗin, ya mayar da biskit ɗaya aljihu saboda halin ko-ta-kwana. Wannan biskit ɗin da ya ajiye ya fi komai burge ni a labarin. Mutumin da ya yi wata uku da rabi yana ja da yunwa, ya kuma iya hana cikinsa, to kansa bai ruɗe ba. Ya riƙa zamewa yana faɗuwa, ya zagaya wani tudu don gudun ramuka, ya isa bukkar wajen ƙarfe uku da rabi na dare ranar 19, bayan kusan awa 18. Bai jima da shiga ba guguwa ta kece. A bukkar ya tarar da likita Edward Atkinson da mai kula da karnuka, Dimitri. Da iska ta lafa suka fita da karnuka suka kwaso Evans da Lashly da rai. Da Crean ya ba da labarin a wata wasiƙa, abin da ya faɗa bai wuce cewa tafiyar ta faɗo a kansa ba, kuma ya isa bukka a galabaice ƙwarai.

Su biyar ɗin da suka wuce kuwa, sun isa ranar 17 ga Janairu suka tarar Roald Amundsen na ƙasar Nowe ya riga su tun 14 ga Disamba, da karnukansa. Babu wanda ya dawo a cikinsu. A Nuwamban 1912 Crean yana cikin waɗanda suka gano tantin da gawar Scott da likita Edward Wilson da Bowers suke ciki, kilomita 18 kacal daga babban wurin ajiyar abinci.

Ga zuzutawar da ka tambaya. Za ka ji masu son Crean suna cewa da Scott ya tafi da shi a madadin Edgar Evans, wani Evans ɗin daban da ke cikin su biyar ɗin, wanda ya ɓoye yankan da ya yi a hannu kuma shi ya fara mutuwa, da an dawo lafiya. Ban yarda ba. Abin da ya kashe mutanen nan ƙarancin abinci ne, da kananzir da ya tsiyaye daga gwangwanayen da aka ajiye, da wani irin sanyi da ya sauka a Maris na 1912 wanda ya wuce yadda aka saba. Ƙarfin mutum ɗaya ba ya cika gwangwanin kananzir. Mai yiwuwa da Crean ya tafi, da gawa ta shida ko ta biyar ya zama. Haka kuma in ana yabon tafiyar awa 18, a riƙa tunawa da Lashly, wanda ya zauna a tanti da mutumin da ke bakin mutuwa bai san ko wani zai zo ba. Sarki George na Biyar ya ba Crean da Lashly lambar yabo ta Albert a 1913, wadda ake ba wanda ya sayar da ransa don ceton wani. Yau mutane ƙalilan ne suka san sunan Lashly.

Shekara ɗaya da dawowarsa, Shackleton ya ɗauke shi a jirgin Endurance, wannan karon da muƙamin hafsa na biyu. Niyyar ita ce a ratsa nahiyar daga wannan teku zuwa wancan, amma ko ƙasa ba su taka ba. A Janairun 1915 ƙanƙara ta kama jirgin a Tekun Weddell, ta riƙe shi wata tara tana matsa shi har katakonsa ya farfashe. Suka fita daga cikinsa a ƙarshen Oktoba, ya nutse ranar 21 ga Nuwamba. Mutum 28 suka zauna a kan ƙanƙara mai yawo har Afrilun 1916, sannan suka shiga kwale-kwale uku. Hafsan da aka ba ƙaramin cikinsu ya kasa saboda sanyi da ciwo, Crean ya karɓi ragamar har suka kai tsibirin Elephant, wani dutse da babu kowa kuma babu jirgin da ke bi ta wajen.

Daga nan ne mutum shida suka shiga kwale-kwalen James Caird, wanda tsawonsa bai cika mita 7 ba, suka nufi tsibirin South Georgia, tafiyar kamar kilomita 1,300 a tekun da ya fi kowanne hauka. Kafintansu Harry McNish ya ƙara masa tsayi ya rufe samansa da katako da tamfol. A nan ma a ba kowa haƙƙinsa: Frank Worsley, kyaftin ɗin Endurance, shi ne ya kai su, da na'urar auna tsayin rana, kuma sau huɗu kacal rana ta fito ya samu ya auna. Da ya kuskure kaɗan, da sun wuce tsibirin sun shiga tekun da ba shi da iyaka. Aikin Crean shi ne tuƙi a lokacinsa da kuma girki. Ka ɗauki hoton abin a ranka: mutum a duƙe a wurin da ba a iya miƙewa zaune, risho a maƙale tsakanin ƙafafunsa da na Worsley, tukunya a hannu ana ɗaga ta duk lokacin da igiyar ruwa ta doki kwale-kwalen, ruwan gishiri yana zubowa ta kowace kafa, amma duk bayan 'yan awoyi sai ya miƙa wa kowa abu mai zafi. Shackleton ya rubuta cewa in Crean yana riƙe da matuƙi yakan yi ta rera wata waƙa marar kari wadda ba wanda ya taɓa gane ko wace ce.

Sun sauka ranar 10 ga Mayu, amma a bayan tsibirin, inda babu mutane. Tashoshin masu kamun manyan kifayen teku suna ɗaya gefen, tsakani kuma duwatsu ne da ƙanƙara da ba wanda ya taɓa ratsawa, ba kuma taswira. Biyu daga cikin shidan ba sa iya tafiya, aka bar na uku ya kula da su. Shackleton da Worsley da Crean suka tashi da tsakar dare ranar 19 ga Mayu. Kayan hawan dutsensu igiya ce, da gizagon kafinta, da kusoshin da McNish ya cire daga kwale-kwale ya kafa musu a tafin takalma. Da dare ya kusa riskarsu a kan wani tsauni, hazo na biye da su, sai suka naɗe igiyar suka zauna a kai, kowa ya riƙe na gabansa, suka sulale cikin duhu ba su san abin da ke ƙasa ba. Ka ga wannan karo na biyu ke nan da Crean ya yi irin wannan caca. Can da gajiya ta ci ƙarfinsu, Shackleton ya bar su biyun suka yi barcin minti biyar, ya tashe su ya ce rabin awa suka yi. Da ƙarfe bakwai na safe suka ji jiniyar tashar Stromness tana kiran ma'aikata, sautin farko na wasu mutane da suka ji tun Disamban 1914. Bayan awa 36, har da saukowa ta cikin wani ruwa mai zubowa daga dutse, suka shiga tashar, yara suka gan su suka gudu. Sai a yunƙuri na huɗu, ranar 30 ga Agustan 1916, da wani ƙaramin jirgin ƙasar Chile mai suna Yelcho, suka kwaso mutum 22 da suka bari a tsibirin Elephant, duka da rai. Crean yana cikin kowane yunƙuri.

To me ya sa aka manta da shi? Da farko dai, tarihin irin waɗannan tafiye-tafiye hafsoshi ne da masana suka rubuta shi. Su ke da ilimin, su ke da masu buga littafi, su ake gayyata su yi lacca. Shackleton ma haifaffen Ailan ne, a gundumar Kildare, amma ɗan gidan likita ne da ya tashi a Landan, ya san yadda ake magana da masu kuɗi da 'yan jarida. Crean kuwa daga cikin ƙananan matuƙa ya fito. Ba zan ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin an ba shi lambobin yabo, an ƙara masa girma, shugabanninsa kuma sun yabe shi a rubuce. Sai dai yabon da ke cikin littafin wani, layi biyu ne a shafi na ɗari da wani abu.

Dalili na biyu ya fi nauyi, siyasa ce. Ranar da James Caird ya bar tsibirin Elephant, 24 ga Afrilun 1916, ita ce ranar da 'yan kishin Ailan suka ɗaga tutar tawaye a Dublin, wato boren Ista. Crean yana tsakiyar teku, bai san ƙasar da ya baro tana canzawa ba. Da ya bar aikin soja a 1920, bayan wata faɗuwa a jirgi da ta taɓa masa gani, ya dawo ya tarar ana yaƙin neman 'yanci, kuma Kerry tana cikin wuraren da wutar ta fi ruruwa. A Afrilun 1920 ɗin dakarun IRA, wato mayaƙan neman 'yancin Ailan, suka yi kwanton ɓauna a gundumar Cork suka kashe ɗan'uwansa Cornelius, wanda saje ne a 'yan sandan gwamnatin Birtaniya. Mutumin da ya yi shekara 27 yana sanye da kakin Sarkin Ingila, ya karɓi lamba daga hannunsa, a irin wannan gari da wannan lokaci, ai ba sai an ce masa ya kama bakinsa ba. Ya adana lambobinsa, bai yi hira da ɗan jarida ba, 'ya'yansa ma sun ce ba ya ba su labarin. Ina ganin ko ba don siyasa ba, shi ba mai surutu ba ne a kan kansa, wasiƙar nan da na ambata ta isa shaida. Siyasar dai ta zo ta ƙara wa shirun sakata.

Ya auri Ellen Herlihy, 'yar garinsu, a 1917. Suka haifi 'ya'ya mata uku, ɗaya ta rasu tana ƙarama. Shackleton ya neme shi don tafiyarsa ta ƙarshe a 1921, ya ce a'a, yana da iyali. Suka buɗe mashaya a Annascaul, ya sa mata suna South Pole Inn, wato masaukin ƙuryar kudu, kusan ita ce kaɗai alamar da ya yarda ya nuna. Har yanzu tana nan. A 1938 ciwon afendis ya kama shi. Aka kai shi Tralee, ba a samu likitan tiyata ba, aka wuce da shi Cork, kafin a yi aikin ciwon ya riga ya ɓaci. Ya rasu ranar 27 ga Yuli yana da shekara 61, aka binne shi a Ballynacourty, a kabarin iyali da ya gina da hannunsa.

Sunansa ya dawo ne bayan shekara sittin da wani abu, lokacin da marubuci Michael Smith ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2000. A 2003 aka kafa mutum-mutuminsa a Annascaul, daura da mashayar. A 2022 Ailan ta ƙaddamar da sabon jirginta na binciken teku mai ɗauke da sunansa, kuma a Maris na 2022 ɗin aka gano Endurance a ƙasan Tekun Weddell, a zurfin mita 3,008, sunan jirgin na nan raɗau a bayansa. Akwai dutse mai sunan Crean a Antatika, akwai ƙanƙara mai sunansa a South Georgia.

Hoton da ka gani kuwa, Frank Hurley ne ya ɗauka a 1915, lokacin da Endurance ke maƙale. Wata karya mai suna Sally ce ta haihu a jirgin, Crean ya ɗauki renon 'ya'yan, aka sa musu Roger da Toby da Nell da Nelson. In za ka nuna wa ɗalibanka hoton, ka shirya, domin akwai wanda zai tambaye ka ina karnukan suka ƙare. Bayan jirgin ya nutse abinci ya yi ƙaranci, an harbe karnukan tafiyar duka kafin a shiga kwale-kwale, na ƙarshen ma cin su aka yi.